An mayar da ni aiki Abuja, wace unguwa ce za ta dace da mai iyali?

Abban_Khadija: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema. An yi mini canjin wurin aiki daga Katsina zuwa Abuja, ofishinmu yana kusa da Sakatariyar Tarayya, kuma farkon wata mai kamawa zan kama aiki. Ina da mata ɗaya da yara huɗu. Babbar tana aji biyu na ƙaramar sakandare, biyu suna firamare, sai na goye. Ga kuma Hajiyata tare da mu, tana fama da hawan jini, duk wata sai ta ga likita. Ni Abuja ban san ta ba, iyakacina in zo taro in kwana biyu a masauki in juya. Abin da zan iya ware wa haya a shekara bai wuce miliyan biyu da rabi ba, kuma ɗaki uku nake so. Motata ɗaya. Wani ya ce Kubwa, wani ya ce Lugbe, wani ya ce in tsallaka Mararaba kuɗina zai fi auki. Kaina ya ɗaure. Don Allah waɗanda suka san gari a taimaka.

DanKubwa01: Wa alaikumus salam. Kubwa. Ba sai an tsawaita ba.

Injiniya_Bala: Allah ya sa alheri a wannan canji, Malam. Kafin a fara jefo maka sunaye, fara da cire wasu daga lissafi. Maitama, Asokoro, Wuse 2, Guzape, Jabi, waɗannan kuɗinka ba zai kama ɗaki uku a cikinsu ba, kada wani ejan ya ɓata maka mai. Gwarinpa ma yanzu ta yi wa mai albashi nisa. Saura hanyoyi uku da ma'aikata ke shigowa gari ta kansu kullum: hanyar Kubwa da ta miƙe har Zuba da Suleja, hanyar filin jirgi inda Lugbe take har a karkata zuwa Kuje ko Gwagwalada, sai hanyar Keffi wadda ta bi ta Nyanya, Karu, Mararaba, Masaka. A gaskiya hanya za ka zaɓa tukuna, unguwa ta biyo baya, domin a kan wannan kwaltar za ka ƙarar da safiyarka da yammacinka.

Sadiq_Mararaba: Ni dai shekara tara ina Mararaba kuma ban mutu ba. Da kuɗin da ya faɗa zai samu gida mai kyau har ya yi canji ya biya kuɗin makaranta. Kasuwa ga ta, kayan miya da araha, Hausawa ko'ina, masallaci kowane lungu. Mutanen Kubwa ku riƙa faɗin gaskiya.

DanKubwa01: Sadiq, faɗa masa ƙarfe nawa kake fita daga gida.

Sadiq_Mararaba: Da an sallame Asuba. To mene ne?

DanKubwa01: Shi ke nan, ka amsa da bakinka.

Maman_Khalil: Ku bar dariya, abin ba na dariya ba ne. Mun zauna a Masaka shekara huɗu lokacin da muka zo daga Zariya. Maigidana yana fita yara na barci, ya dawo sun yi barci. Ranar da tirela ta lalace a tudun Kugbo ko aka tsare hanya wajen gadar Nyanya, sai goma na dare ya wuce. Wata rana ƙaramin ɗanmu ya tambaye ni wai Abba tafiya ya yi ne, alhali kullum a gida yake kwana. Abin da muka rage a haya, mai da gyaran mota suka cinye, balle tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Araha ba ta ado. Kuma ka sani, Abban Khadija, Mararaba da Masaka da Ado duk jihar Nasarawa ce, ba cikin Babban Birnin Tarayya suke ba, ko da yake babu wata katanga da za ta nuna maka ka tsallaka.

Sadiq_Mararaba: Masaka daban, Mararaba daban, Hajiya. Tsakaninsu akwai tafiya. Amma maganar Kugbo ban musa ba.

Ummu_Hanif: Ni Lugbe nake. Titin filin jirgi shimfiɗaɗɗe ne, idan ka fita da wuri kafin ka ankara ka wuce ƙofar gari ka shiga Central Area. Amma Lugbe kashi-kashi ce. Akwai ɓangaren gidajen FHA, wato hukumar gidaje ta tarayya, akwai rukunin gidaje masu get da masu gadi, akwai kuma can ciki inda da ka sauka daga kwalta sai ramuka da jar ƙasa. Abin da zan ja maka kunne a kai shi ne ruwa. Wasu gidajen a bakin rafi aka gina su, da rani ba ka ganin komai sai busasshen kwari da ciyawa. A daminar 2023 kowa ya ga hotunan yadda ambaliya ta shanye gidaje da motoci a wani rukunin gidaje a nan Lugbe. Lokogoma ma ta sha irin wannan. In ka je duba gida, kada ka tsaya kallon tayil da fenti. Zagaya bayan katanga ka duba ko akwai layin laka a jikin bango, ka tambayi mai shago ko mai wanki da guga na layin, su ba su da riba a yi maka ƙarya.

Injiniya_Bala: Wannan magana ta Ummu Hanif a rubuta ta da ruwan zinariya. Sabon fenti daga ƙasa zuwa gwiwa kawai, alhali saman bango tsoho ne, alama ce.

Alhaji_Mai_Ritaya: Yaro, bari in ba ka shawarar da ba ka tambaya ba. Na yi aikin gwamnati tun muna Legas, da mu aka tare a Abuja bayan Janar Babangida ya dawo da fadar gwamnati ranar 12 ga Disamba 1991. Abin da na ga ya fi yi wa mutane da yawa sauƙi shi ne su bar iyali a gida. Ka kama ɗaki ɗaya, ko ku haɗu da abokan aiki, duk sati biyu ka leƙa Katsina. Yara suna makarantarsu, tsohuwa tana cikin danginta, ba ka ɗauko ta ka kulle a fulat ba inda ba mai shigowa gaishe ta. In Katsina ta yi nisa, ka dawo da su Kaduna. Ga jirgin ƙasa daga Idu ko tashar Kubwa zuwa Rigasa tun 2016, Juma'a ka tafi, Lahadi ko Litinin ka dawo.

Maman_Khalil: Baba, da girmanka, amma an tambayi matar? Mazan da ke wannan tsari su ne suke ganin sauƙinsa. Ita ce za ta zauna da yara huɗu da tsohuwa mai hawan jini, ciwon dare ya tashi ba namiji a gida.

Fati_Zazzau: Kuma daga nan ne ake jin an yi amaryar Abuja.

Alhaji_Mai_Ritaya: Ɗiyata, ni dai na yi shekara goma sha ɗaya a haka, kuma har yau matata ɗaya.

Fati_Zazzau: Allah ya ƙara girma Baba, irinku ai sun ƙare.

Abban_Khadija: Na gode Baba, Allah ya ƙara lafiya. Mun yi wannan maganar a gida kafin in rubuto. Maiɗakina ta ce ƙafarta ƙafata, Hajiya ma ta ce ba za ta zauna tana jiran waya duk lokacin da na hau hanya ba. Kun san halin da hanyoyinmu suke ciki. Shi ya sa nake neman unguwar, ba ɗakin gwauro ba.

Hajiya_Phase4: To tunda haka ne bari in yi maka bayanin Kubwa dalla-dalla, don DanKubwa ya jefo suna ya gudu. Shekarata goma sha shida a nan, a nan na aurar da 'yata ta fari. Kubwa gari ce guda, ba unguwa ba, tana ƙarƙashin ƙaramar hukumar Bwari. Akwai Phase 2, Phase 3, Phase 4, PW, Gbazango, Arab Road, Byazhin, kowanne da halinsa da kuɗinsa. Abin da ya riƙe ni a nan abu uku ne. Na farko ruwa. Madatsar Usuma da ke shayar da Abuja tana nan kusa da mu wajen Ushafa, don haka tsofaffin ɓangarorin da aka shimfiɗa wa bututu suna samun ruwan famfo. Amma ban ce ko'ina ba, can gefe-gefe inda gari ya faɗaɗa daga baya rijiyar burtsatse ce ko 'yan garuwa. Na biyu asibiti. Babban asibitin gwamnati yana cikin gari, ga masu zaman kansu, Hajiyarka ba sai an ɗauke ta an hau babban titi ba duk wata. Na uku, kuma shi ne babba a wurina, mace za ta iya rayuwarta ba tare da motar miji ba. Adaidaita sahu na shiga ko'ina, kasuwa kusa, Islamiyya ta yara da ta matan aure ga su nan. Ka tuna motarka ɗaya, kuma da safe za ka tafi da ita. Duk gidan da za ka kama, ka tsaya a ƙofarsa ka tambayi kanka: in na tafi, yaya za ta kai yaro asibiti? Yaya Khadija za ta je makaranta ta dawo?

Aibinta kuma ba zan ɓoye ba. Shiga da fita a mahaɗar babban titi da safe da magariba akwai cunkoso, haya ta tashi ƙwarai, kuma wasu layukan Byazhin da damina sai ka tausaya wa motarka.

Ummu_Hanif: Hajiya ta taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Rukunin gidajenmu yana da kyau, shiru, ga masu gadi. Amma daga ƙofata zuwa get tafiya ce, daga get zuwa titi wata tafiyar. Watanni shidan farko da muka tare, wallahi har kuka nake yi da rana. Na taso a gidan da ba a rufe ƙofa, na zo inda maƙwabciyata ta haihu ban sani ba sai da na ga ana sauke rago. Sai da na shiga Islamiyya na samu mutane. Ku maza kuna lissafin minti nawa zuwa ofis, ba ku lissafin awa nawa mace za ta yi ita kaɗai da bango.

Talatu_Karu: Sannunku. Ni Kirista ce daga kudancin Kaduna, a Karu nake, kuma ina so in gyara wani abu. Ana ta haɗa Karu da Mararaba kamar abu ɗaya ne. Akwai Karu ta cikin Abuja, ƙarƙashin AMAC, wato ƙaramar hukumar birnin Abuja, ita da Nyanya da Jikwoyi da Kurudu, akwai kuma ƙaramar hukumar Karu ta Nasarawa inda Mararaba take. Karu Site tsararriyar unguwa ce mai tituna, kuma mu muna gaba da mafi munin cunkoson, ko da yake Kugbo ba ta ƙyale kowa. Abu na biyu, Abban Khadija, ka shirya zama da kowa. A gidan da nake, mu huɗu ne: ni, Bayarabe, Ibo, da wani Bakano. Yarana sun san lokacin buɗa-baki saboda ƙosan Maman Amira, nata kuma sun san ranar Kirsimeti. In kana neman unguwar da kowa Bahaushe ne kamar Ƙofar Marusa, zai yi wuya, sai dai ka nufi Suleja.

Bashir_Suleja: An kira mu, mun amsa. Suleja ita ce Abuja ta asali ma, jama'a. Sunan garinmu ke nan tun zamanin Abu Ja, da aka ƙirƙiri sabon birnin tarayya a 1976 zamanin Janar Murtala aka ba shi sunan, mu kuma muka koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Ga sarki, ga hawan Sallah, ga makarantun allo da na Islamiyya, tsohuwa ba za ta yi kewar Katsina sosai ba. Haya kuwa ba a haɗa ta da Kubwa.

DanKubwa01: Tarihi ya yi daɗi, Bashir. Yanzu gaya masa yadda Madalla take ranar kasuwa.

Bashir_Suleja: Kai dai ba ka da aiki sai tsokana. Nisa kam akwai, sai ka wuce Madalla, Zuba, Dei-Dei, ka wuce Kubwar taku sannan ka doshi gari. Ni a Dei-Dei nake sana'a shi ya sa ban damu ba. Mai zuwa Sakatariya kullum zai ji a jikinsa.

Malam_Nura_Malami: Ba wanda ya yi maganar makaranta da kyau, alhali yara uku ne. Ni malami ne. Kada ka biya haya sai ka san inda za su yi karatu, domin a Abuja kuɗin makarantar kuɗi na yara uku yana iya zarce hayar gidan. Kuma kuɗin motar makaranta daban ne, ana caji gwargwadon nisa. Firamaren gwamnati a nan ƙananan hukumomi shida ne ke biyan malamansu, kuma a 2025 malaman sun yi yajin aiki sama da wata uku kan mafi ƙarancin albashi, yara suna zaune a gida. Sakandaren gwamnati kuwa akwai masu kyau. Ita babbar, in kuna da ra'ayin kwana, akwai kwalejin 'yan mata ta tarayya a Bwari, sai dai shiga a tsakiyar zango ba abu ne mai sauƙi ba. Shawarata, ka karɓo takardar canjin makaranta da sakamakonsu daga Katsina tun yanzu, ka zaɓi makaranta biyu ko uku, sannan ka nemi gida a kewayensu. Mutane suna yin akasin haka, su kama gida sannan su fara yawon neman makaranta.

Abu_Sumayya: Tunda an ambaci Bwari, a yi maganar tsaro. Farkon 2024 kowa ya san abin da ya faru na satar mutane a gefen Bwari, har cikin gidaje aka shiga. Kuje kuma an fasa gidan yarinta a Yulin 2022. Ban ce kada a zauna can ba, mutane na zaune lafiya, amma bambanci ne babba tsakanin gidan da ke tsakiyar jama'a da gidan ƙarshe wanda bayansa dutse ne da daji. Irin waɗannan sababbin gidajen su ne ejan zai fara kai ka, don sun fi kyau a ido kuma sun fi sauƙin kuɗi. Ka tambaya ko layin na da 'yan sintiri, nawa ake biya a wata. Sannan ka gargaɗi iyali kan motocin wan cans, wato na ɓarayin da ke ɗaukar fasinja su yi musu fashi, kada su tare mota a bakin titi, su je tasha.

Kuje_Boy: Kullum sai an kawo maganar gidan yari. Shekara nawa yanzu? Kuje ga fili, ga kayan gona da araha, ga iska.

Fati_Zazzau: Ga nisa.

Ejan_Na_Gaskiya: Alhaji ka yi mini magana ta akwatin sirri, ina da ɗaki uku a Dutsen Alhaji, sabo fil, ruwa da wuta awa 24.

Injiniya_Bala: Ga irinta nan. Awa 24 ko a Maitama sai an haɗa da janareta. Abban Khadija, ga yadda ake gane gaskiyar wuta: ka nemi lambar mitar gidan ko rasitin sayen kati na ƙarshe, a jiki za ka ga rukunin da layin yake. Band A su ne aka yi wa alkawarin aƙalla awa 20 a rana, amma tun Afrilun 2024 kuɗinsu ya haura naira 200 kowane yunit, mai firji da injin ruwa da na'urar sanyaya ɗaki zai gaya maka. Kada ka yarda da gidan da ba mita, ko mita ɗaya ta mutum huɗu, rigima ce kawai. Kuma miliyan biyu da rabin nan, ka sani ba duka ne kuɗin haya ba. Akwai kason ejan, akwai na lauya, akwai kuɗin ajiya na ɓarna, in cikin rukunin gidaje ne ga kuɗin hidima na shara da gadi. Ka nemi jimillar a rubuce kafin ka ce kana so.

Abu_Sumayya: Kuma kada ka tura ko sisi kafin ka ga mai gidan ko lauyansa ido da ido. Ni an taɓa cin kuɗina na duba gida har sau uku, kowane gida in mun je sai a ce jiya aka kama. Wani abokin aikina kuwa gida ɗaya aka karɓi kuɗinsu su biyu.

Alhaji_Mai_Ritaya: Ƙari a kan na Injiniya. In gidan a ƙauyen 'yan asalin wuri yake, wato filin da aka saya a hannun masu unguwa ba takardar gwamnati, ka tambaya ko an taɓa shafa masa jan fenti. Mun ga rusau zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake ministan Abuja, daga 2003 zuwa 2007, kuma har gobe ana yi. Mai gida zai karɓi kuɗin shekara, katafila ta zo a wata na uku, kai ne da kaya a waje.

Ejan_Na_Gaskiya: Nawa gidan yana da takardu.

Hajiya_Phase4: Dutsen Alhaji ba laifi, tana da jama'armu sosai, kuma tana tsakanin Kubwa da hanyar Bwari. Amma ya je ya gani da idonsa. Ɗana, ga abin da zan ce ka yi. Ka zo kai kaɗai tukuna, ka sauka wurin wani ko da wata guda ne. Unguwar da ranka ya kwanta da ita, ka kwana a can ranar Lahadi, Litinin ka fita ƙarfe bakwai kamar mai zuwa aiki ka ga abin da agogo zai ce. Ka yi sallar Magariba da Isha a masallacin layin, ka ga su wa ke zuwa, ka ga ko yara na wasa a waje ko kowa ya kulle get. Sannan ka ɗauko maiɗakinka ta zo ta gani kafin ka biya. Ita za ta lura da abin da kai ba za ka gani ba, inda za ta shanya kaya, ko kicin na da taga, ko matakala za ta yi wa Hajiya yawa.

Abban_Khadija: Matakala! Wallahi ban kawo wannan a raina ba, kuma Hajiya gwiwa na damunta. Ke nan bene ya fita, sai ƙasa. Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Yanzu dai hankalina ya fi karkata ga Kubwa ko Dutse, sai kuma Karu Site da Madam Talatu ta ambata, ban taɓa sanin da bambanci ba. Zan shigo ranar Alhamis in sha Allah in fara zagayawa.

Sadiq_Mararaba: Ka zagaya ka gama, in ka ji kuɗin Kubwa za ka neme ni.

Ummu_Hanif: Ba a yi wa Lugbe adalci ba a zauren nan, mu ma muna da gidajen ƙasa.

Talatu_Karu: In za ka leƙo Karu ka zo da yamma wajen ƙarfe biyar daga cikin gari, ta mahaɗar AYA da ke Asokoro, don ka ga hanyar a lokacin da za ka riƙa bin ta. Kada ka zo ranar Asabar ka ce ai babu komai.

Sabon_Shiga22: Salam. Ku yi haƙuri na shigo a makare. Ni kuma Gwagwalada aka tura ni, asibitin koyarwa, yara biyu. In zauna can ko in riƙa zuwa daga Kuje? An ce mini zafin garin ba a magana.

Kuje_Boy: Yawwa, yanzu aka zo wurin. Kana da mota?